Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo na Tarihi: Bafataken Katsina a Ikko ta 1894

Duk lokacin da ranar al'adu ko bikin yaye ɗalibai ya gabato a makarantun sakandare na Katsina, malamin Hausa ko na tarihi ake ɗora wa nauyin fito da wasan kwaikwayo, kuma galibi labari biyu ake ta juyawa: ko dai Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ko kuwa Lugga, Baturen da ya ci ƙasar Arewa da yaƙi, ya shigo ta Ƙofar 'Yandaka a 1903. Na daɗe ina shirya irin waɗannan wasanni, har na gaji da ganin yaro ya shafa alli a fuska ana kiransa Bature. Shi ya sa na gwada wata hanya dabam, wato a ɗauki bafatake daga birnin Katsina a kai shi garin da Turawa suka riga suka mallaka tun a ƙarni na 19, a bar 'yan kallo su ga ciniki da saukar baƙi da shagulgulan garin ta idonsa. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake tsara irin wannan wasa, daga zaɓen shekara har zuwa gwaji na ƙarshe.

Tun da Katsina ba ta shiga hannun Turawa ba sai a 1903, dole ne bafataken ya yi tafiya, kuma garin da ya fi dacewa shi ne Ikko, wadda yanzu aka fi sani da Legas. Jiragen yaƙin Ingila sun yi mata ruwan wuta a ƙarshen 1851 suka kori sarkinta Kosoko suka mayar da Akitoye, sa'an nan a ranar 6 ga Agusta 1861 Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa garin ga Ingila. An ɗan haɗa mulkinta da na Saliyo daga 1866, aka mayar da ita ƙarƙashin ƙasar da ake kira Gana a yau daga 1874, kafin ta tsaya da gwamnanta a 1886. Ba wani babban birni ba ne a lokacin, domin ƙidayar 1871 ta sami mutum wajen 28,500 ne kawai, amma ta tara jinsin mutane iri-iri: Yarbawa 'yan gari a Isale Eko inda fadar sarki take, Saro waɗanda suka dawo daga Saliyo suka zauna a Olowogbowo, Aguda waɗanda suka dawo daga Barazil, Turawa 'yan kaɗan a bakin ruwa inda ake kira Marina, ga kuma Nufawa da Hausawa, wasu fatake, wasu malamai, wasu sojoji, wasu kuma bayi da suka gudo.

Aikin farko shi ne a tsayar da shekara guda a manne mata, domin wanda ya ce wasansa na "zamanin da" ne ya buɗe wa kansa ƙofar kowane irin kuskure. Ni na zaɓi 1894, wadda ta faɗa tsakanin 1311 da 1312 na Hijira, kuma ina ba da shawarar a bi ni a kan haka saboda shekara ce mai cike da labari a kowane ɓangare. A gida, Sarki Abubakar ne yake kan gadon Katsina, Abdurrahman ne Sarkin Musulmi, Kano tana cikin yaƙin basasa tsakanin Tukur da Alu, Rabe kuma bai daɗe da cin Barno ba. A kan hanya, Turawa sun ci Ijebu da yaƙi a 1892, yaƙe-yaƙen da suka daɗe suna rufe hanyoyin ƙasar Yarbawa sun lafa a 1893, kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja kuwa, inda Hausawa suka saba sayo goro, rikicin sarauta ya watsa ta a 1892. A Ikko kanta, Carter ne gwamna, Oyekan ne sarki, a shekarar aka kafa bankin da ya zama First Bank na yau, kuma a watan Yuli aka buɗe masallacin Shitta-Bey. Duk waɗannan ba sai an faɗe su a dandali ba. Amfaninsu shi ne idan maigida ya tambayi baƙonsa labarin gida, baƙon yana da abin da zai ce, kuma akwai dalilin da ya sa ya bar hanyar Gwanja ta kakanninsa ya nufo bakin teku.

Da zarar an tsayar da shekara, sai a rubuta abubuwan da babu su a cikinta a liƙa a bangon ɗakin gwaji. Babu jirgin ƙasa, domin sai a 1896 aka fara shimfiɗa dogo daga Ikko, bai kai Badun ba sai 1901, Kano kuwa sai 1911. Babu gadar Carter, wadda aka buɗe a 1901, don haka da kwalekwale ake shiga tsibirin da garin yake. Babu majigi, wanda aka fara nunawa a zauren Glover a 1903. Babu kwabo mai huji, babu anini, domin bayan 1900 aka buga su. Sunan Nijeriya kansa bai fito ba sai a 1897. Lugga ma a 1894 ma'aikacin kamfanin Turawa ne na kogin Kwara, yana can yana rige-rige da Faransawa zuwa Nikki a ƙasar Bargu, saboda haka ba shi da abin yi a wasanmu. Na koyi muhimmancin wannan takarda ta hanya mai zafi: a wata makaranta da na taɓa koyarwa, ɗalibin da ya fito a matsayin madugu ya ɗaga hannu zai yi wa ayari addu'a, hannun riga ya zame, sai ga agogo yana walƙiya. 'Yan kallo suka fashe da dariya, kuma daga nan har aka tashi babu wanda ya ƙara ɗaukar madugun da daraja.

Wajen neman bayani, akwai rijiya biyu da ya kamata a ɗebo daga cikinsu. Ta farko ita ce jaridun Ikko na wancan zamani, irin su Lagos Times da aka fara a 1880, da Lagos Observer ta 1882, da Lagos Weekly Record ta 1891. Wanda ya samu damar duba su, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Badun ko a hotunansu da wasu jami'o'i suka tanada, kada ya tsaya a kan sharhin edita. Ya gangara wajen tallace-tallace da sanarwar isowar jiragen ruwa da labaran kotu, domin a nan ake ganin abin da ake sayarwa da abin da ake faɗa a kansa. Sai dai a tuna cewa 'yan boko ne, galibinsu Saro, suke rubuta su don junansu, bafatake ba ya fitowa a ciki sai in ya shiga rigima. Rijiya ta biyu tana nan kusa da mu, wato dattawan gidajen fatauci a Katsina da ƙauyukanta, musamman zuriyar Agalawa da masu sana'ar goro. Ba su ga 1894 ba, amma kalmomin sana'ar da ladubbanta suna bakinsu. A je musu da goro da ladabi bayan la'asar, a tambaye su yadda ake ɗaure huhu, da yadda ake gane goron da ya fara lalacewa, da abin da baƙo yake yi wa mai masaukinsa ranar tafiya. Ziyara zuwa gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina tana taimaka wa ɗalibai su ga kayan da za su kwaikwaya da idonsu.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan wasan gaba ɗaya: a gina shi a zauren mai masauki. Masu shirya wasa da yawa sukan so su nuna hanya da kasuwa da bakin teku da fadar gwamna, sai su ƙare da jan labule sau goma, yara suna ta kai da kawowa da benci. Babu buƙatar haka, domin a tsarin fataucin Hausawa ciniki da baƙunci da hira duk a zaure guda suke haɗuwa. Bafatake idan ya isa garin da ba nasa ba, ba ya neman ɗakin haya. Wajen maigida yake sauka, wanda wasu suke kira fatoma. Maigidan ne zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya aiko masa da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, idan kuma aka sayi kayansa bashi, shi ne zai tsaya a matsayin lamuni. Ba a biyan kuɗin ɗaki a fili, ribar maigida tana fitowa ne daga la'ada da kuma alherin da baƙo zai yi masa. Wannan dangantaka tana da daɗi tana kuma da haɗari, tun da dukiyar mutum ɗaya tana hannun wani, babu takarda, babu alƙalin garinsu, sai amana da tsoron ɓacin suna. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro wata rigima daga sama. Ga ta nan a shimfiɗe.

Fitowa ta farko ita ce isowa, kuma a ba ta lokacinta, kada a yi gaggawa. Baƙo ya yi sallama daga waje, yaron gida ya leƙo ya koma, sa'an nan maigida ya fito. A shimfiɗa tabarma ko buzu, a kawo ruwa a ƙwarya tun kafin a tambayi mutum sunansa, ya sha, ya yi hamdala. Daga nan sai gaisuwa mai tsawo: gajiya, hanya, mutanen gida, lafiyar sarki, yadda aka baro damina. Baƙon yana kiran mai masaukinsa Maigida, shi kuwa yana kiransa Malam, ko baƙona, idan kuma shugaban ayari ne sai a ce Madugu uban tafiya. A guji liƙa wa kowa Alhaji, domin a wancan zamani hajji tafiyar shekaru ce a ƙasa, wanda ya yi ta ya dawo abin nunawa ne a gari. Ba a maganar kaya a ranar farko. Na kan umarci ɗalibin da yake maigida ya riƙa satar kallon kayan da 'yan alaro, wato masu dakon kaya a ka, suke saukewa yayin da bakinsa yake ta "sannu da hanya", domin wannan ɗan kallon kaɗai ya isa ya gaya wa 'yan kallo cewa shimfiɗar fuska da lissafin riba suna tafiya tare.

Labarin hanya a bakin baƙo za a ji shi, cikin hirar dare. Ayari yakan tashi ne da kaka bayan an kau da amfanin gona, ya bi ta Zazzau ya gangara ƙasar Nufe, ya haye Kwara a jirgin fito, ya isa Ilori inda Hausawa suke da unguwarsu ta Gambari, sunan da Yarbawa suke kiran Bahaushe da shi har gobe. A kowane zango akwai gaisuwar sarki, a kowane kogi akwai kuɗin fito, kuma madugu ne yake daidaita su, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da tattara abin da kowa zai bayar. Daga Ilori zuwa kudu jakuna ba sa jure ƙudan tsando, don haka kaya suna komawa kan 'yan alaro. A bar baƙon ya yi kukan jakinsa da ya mutu a hanya. 'Yan kallo na Katsina za su fahimci wannan asara fiye da kowane bayani a kan nisan tafiya.

Fitowar ciniki ita ce inda ɗalibai suka fi jin daɗi, kuma ita ce ta fi buƙatar horo. Baƙonmu ya zo da kanwa da jar fata ta jima da turkuɗi da 'yan riguna, yana son ya koma da goro da akoko da alawayyo da allurai da takarda. Goron a nan ta jirgin ruwa yake zuwa daga gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, domin tun bayan da Ingila ta ci Kumasi a 1874 wani kaso na goron Asante ya fara bin teku maimakon hanyar Gwanja. A koya wa ɗalibai yadda ake taya kaya: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana lallashin wannan yana tsoratar da wancan, har a kai ga "na sallama" da "Allah ya ba da riba". A koya musu ƙirgar goro ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari, da yadda ake buɗe huhu a ɗaga ganye a yayyafa ruwa a tsince wanda tsutsa ta taɓa. Hannun da ya iya wannan aiki ya fi doguwar magana gamsarwa, saboda haka a ɗauko mai sayar da goro na gaske daga kasuwa ya nuna musu sau biyu ko uku.

Batun kuɗi shi ne wurin da baƙon zai rikice, kuma rikicewar tasa ita ce abin dariyar wasan da kuma darasinsa. Ya taso ana ciniki da kuɗin wuri, ana jan sa biyar-biyar a ƙasa, dubu ashirin su cika keso guda, wanda kaya ne na ƙato. Lokacin da Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, ya zo ƙasar Hausa a 1851, ya tarar ana canza liyari guda, wato babban tsabar azurfa, a kan wuri 2,500 a Kano. Amma tun daga tsakiyar ƙarnin kamfanonin Jamus na Hambug suka riƙa jibgo wurin Zanzibar a Ikko jirgi-jirgi, har darajarsa ta zube, gwamnatin garin kuma ta tsayar da azurfar Ingila a matsayin kuɗin hukuma. Don haka a 1894 wuri na cefane ne a Ikko, babban ciniki kuwa da sule da fam ake yin sa. A nuna baƙon an zuba masa 'yan sulalla a tafin hannu a madadin kayan da mutum goma suka ɗauko, yana juya su, yana cizawa, yana duban kan sarauniyar da ke jiki, yana tambayar maigida ko matar nan ta san da zamansa. Wajen kayan wasa, ba sai an nemo wuri mai yawa ba: a cika buhunan kaba da tsakuwa ko ƙwallon dabino, a ajiye wuri na gaske cikin tafi ɗaya don a zuba a tabarma a ji ƙararsa.

Sauran cinikin garin, wanda bafatake ba ya ciki, ana iya shigo da shi ta ƙofar zaure. Arzikin Ikko a lokacin manja ne da ƙwarar kwakwar manja da ake fitarwa Turai, ana shigo da yadin Manchesta da taba da bindigogi da barasa akwati-akwati. Manyan jiragen Libaful ba sa iya shigowa saboda tudun yashin da ke bakin mashigar, sai su tsaya a teku ƙananan jirage su yi ta jigila. Yaron gida da aka aika Marina ya dawo yana haki yana ba da labarin gangunan manja da ake mirginawa, da kantin Bature mai bene wanda kaya suke ƙasa shi yana kwana a sama, ya wadatar. Haka nan wata mace Bayarbiya 'yar kasuwa ta shigo ta taya kanwa ta fi kowa iya ciniki, domin a kasuwannin ƙasar Yarbawa mata ne a gaba, abin da zai ba baƙon mamaki.

Daga waɗannan bayanai ne zaren labarin yake fitowa da kansa. Baƙon ya iso da rani, amma bikin masallaci a watan Yuli ne, tsakiyar damina, lokacin da ya kamata a ce ya daɗe da komawa gida. To, me ya riƙe shi? Bashi. An sayi kanwarsa bisa lamunin maigida, mai sayen ya yi ta gobe-jibi, abokan tafiya sun ɗaure kaya sun tafi, shi kuma ya zauna yana cin tuwon mutumin da yake bi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma wannan raɓar ta ƙi bushewa. Kowace fitowa sai a rage wani abu kaɗan daga karamcin: akushin da ya zo da nama a farko ya dawo babu nama, buzu ya koma tabarma, gaisuwa ta gajarce. Kada a mayar da maigida azzalumi, domin shi ma wani yake bi, kuma sunansa ne a kan gungume. Idan labari ya kai Ilori cewa an ci dukiyar baƙo a gidansa, babu ayarin da zai sake sauka wurinsa.

Shagulgula kuwa iri uku ne, kuma kowanne da yadda ake shigo da shi. Na farko shi ne na cikin zaure, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi kusa da zuciyar 'yan kallo: dara a ƙasa da 'yan tsinke, tatsuniya da labarin hanya, mai garaya ko mai molo da ya biyo ayari yana yi wa madugu kirari ana yi masa kyautar goro. A nan za a iya sa maigida ya koya wa baƙo wasan ayo na Yarbawa mai gurabe goma sha biyu, baƙon ya sha kaye, ya ce a dawo dara. A kula da kayan kiɗa: kakaki da tambari na sarauta ne, ba su da wuri a zauren ɗan kasuwa.

Na biyu shi ne na titi, wanda ake ji daga bayan labule ko a gani ta ƙofa. Aguda sun zo da bikinsu na rufe fuska da raye-raye daga Barazil, kuma ayarinsu na iya wucewa ta ƙofar gida da kiɗa, yara su ruga kallo. Dodon Eyo mai fararen kaya da doguwar sanda, wanda aka fara fitowa da shi a Ikko a 1854 don girmama Sarki Akitoye, ba kowace shekara yake fita ba, sai an yi rashin wani babba, saboda haka ya fi kyau a sa shi a bakin maigida a matsayin gargaɗi: ranar da Eyo ya fito ba a sa takalmi, ba a sa hula. A bar baƙon ya dafe rawaninsa da hannu biyu ya ce shi kam ranar yana ɗaki. Akwai kuma sukuwar dawaki a filin da yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma babu abin da zai fi daɗi kamar Bakatsine, wanda ya taso yana ganin hawan Salla a Ƙofar Soro, yana faɗin ra'ayinsa a kan dawakin Ikko da mahayansu.

Na uku shi ne na 'yan boko, wato taron kiɗa da waƙe-waƙen Turai da Saro suke shiryawa a ɗakunan makarantun mishan, a sa kwat da doguwar hula, a sayi tikiti, a zauna a kan kujeru, jarida ta yi sharhi bayan kwana biyu. Bafatake ba zai shiga can ba, kuma kuskure ne a kai shi. Abin da na yi shi ne na kawo wani akawu Basaro zaure karɓar saƙo, ya yi ƙoƙarin bayyana wa baƙon cewa mutane suna biyan kuɗi tun kafin a fara kiɗa, su zauna shiru har a gama, babu rawa babu kari. Baƙon ya tambaya, to wa makaɗin yake yi wa waƙar? A nan ma kada a mayar da akawun abin ba'a kawai. Iyayensa bayi ne da aka 'yanto daga jirgi, kuma karatun da yake taƙama da shi ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa.

Wannan ya kawo mu ga abin da bai kamata a ɓoye ba, wato bauta. A 1894 ana saye da sayar da mutane a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu ɗauke da kayan baƙonmu bayinsa ne. A Ikko kuwa dokar Ingila ce take aiki, wadda ta hana cinikin bayi, kuma tun a 1863 Glover, Baturen da yake riƙe da mulkin garin, ya kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga daga Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, su ne kuma aka yi amfani da su a yaƙin Ijebu. Fitowa guda tak ta isa: soja Bahaushe ya shigo zaure gaishe da mutumin garinsu, ya tambayi labarin ƙauyen da aka kamo shi yana yaro, bawan baƙon yana gefe yana saurare. Washegari a nemi bawan a rasa. Ba sai kowa ya yi wa'azi ba.

Game da harshe, a bar baƙon ya yi Katsinanci sosai, da "mi" da "shina", maigida kuwa Hausarsa ta ɗan gauraya da kalmomin Yarbanci na gaisuwa da ƙirga. A tace kalmomin da suka shigo daga baya, irin su mota da ofis da minti, a auna lokaci da hantsi da azahar da almuru. Wanda yake son jin yadda Bahaushen ƙarni na 19 yake bayyana abin da bai taɓa gani ba, ya nemi labarin Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila, wanda Schön, wani ɗan mishan, ya buga a littafinsa Magana Hausa a 1885. Yadda yake kwatanta baƙon abu da abin gida shi ne ainihin muryar da ake nema. Sutura kuma a nemi saƙi da rini, a guji shadda mai ƙyalli da hular zamani da takalmin roba. Fitila ta kasko ce mai lagwani da mai, kwanon abinci akushi ne da ƙwarya da ludayin duma.

Fitowar ƙarshe ita ce ranar buɗe masallaci. Muhammadu Shitta attajiri ne Musulmi da ya gina shi da dukiyarsa, maginin ɗan Aguda ne, Gwamna Carter ya halarta, kuma wani lauya Musulmi daga Libaful, Abdullahi Quilliam, ya zo da saƙon Sarkin Musulmin Istambul na ba Shitta sarautar Bey. Musulmi sun fi Kiristoci yawa a garin a lokacin, saboda haka rana ce ta cikar gari. Ba sai an gina masallaci a dandali ba: a ji ganguna da hayaniya daga waje, maigida ya ciro rigarsa mafi kyau ya ara wa baƙon da suka kwana biyu ba sa ga-maciji, su fita tare. Yadda bashin zai ƙare ya rage wa marubuci. Ni na sa maigida ya biya rabi daga aljihunsa, rabin kuma aka bar shi sai ayarin baɗi.

Kwana biyu kafin ranar wasa a yi gwaji da cikakkiyar sutura, a gayyato dattijo ɗaya daga cikin waɗanda aka yi hira da su ya zauna a gaba, a roƙe shi ya tsayar da wasa duk inda ya ga abin da bai yi masa ba. Namu dattijon ya tsayar da mu sau uku: yaron gida ya miƙa ruwa a tsaye ba tare da ya durƙusa ba, dillali ya karɓi la'ada a gaban mai saye da mai sayarwa yana ƙirgawa da ƙarfi, baƙo kuma ya shiga zaure da takalmi. Bayan an gyara waɗannan, sai a sa ɗalibi guda a bakin labule, aikinsa kawai ya duba wuyan hannu da aljihu da ƙafar duk wanda zai fita, ya karɓe agogo da waya da silifa ya zuba a kwando.